Ciyawar Ƙarƙashin Maina

Ranakun aiki da yawa mutum yakan manta da su tun bai wanke ƙafa ba. Amma ranar Talatar da na fara tura injin manjagara a gidan baƙin da na yi aiki a Jiddari Polo, ita kam ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuka shigo aikin lambu a bayana kun sha jin ƙishin-ƙishin ɗin labarin, kowa da yadda ya ji. Gara ku ji daga bakina. Sai dai ku yi haƙuri da ni, ni mai dogon zance ne, mai ɗakina ma ta faɗa har ta gaji.

Sunana Sale. Mahaifina Bakano ne, sana'ar ɗinki ta kawo shi Maiduguri, a nan aka haife ni, a Galtimari nake zaune har yau. Ni ba mai yawo ba ne, daga gida sai aiki sai masallaci. Boko kuwa a aji huɗu muka yi sallama da shi. Abin da Allah Ya ba ni shi ne kunne. In injin jan ruwa zai lalace jibi, yau nake jin muryarsa ta canza. Haka nake jin ta mutane ma.

Ga yadda tsarin gidan yake. Mai gidan yana Abuja, sai a yi wata shida bai leƙo ba. Manaja ne ke riƙe da komai, Malam Bukar, mutum mai tsafta da son ci gaba, ba shi da mugunta ko kaɗan. A ɓangaren lambu akwai babban gadina, wato Baba Umaru, sai ni mataimakinsa. Shi yake cewa a yanka, a shuka, a ba da ruwa, ni kuma in ɗauki baro da tiyo. Sai Ya Falmata mai dafa abinci, wadda ta riga kowa zuwa gidan in ban da Baba Umaru.

Baba Umaru Bafillatani ne, dogo, siriri, maganarsa ba ta wuce ta cikin cokali. Shanun gidansu sun ƙare tun yana saurayi, ya shigo gari ya kama aikin lambu, ya zauna a Dusuman. Ya Falmata kuwa Babarbariya ce, kun san wasan da ke tsakaninsu. Kullum da safe ta tagar kicin za ka ji ta:

"Wushe, sannu, Fulata bawana! Yau ma kiwon ciyawa ake yi babu saniya?"

Shi kuma ko ɗagowa ba ya yi. "Baiwata, ki ji da tukunyarki. Jiya gishirin miyarki ya kusa kai ni asibiti."

Ni kuwa Afuno take ce mini, wato Bahaushe. "Afuno, zo ka ɗauki shayinka kafin surutu ya busar maka da maƙogwaro."

Filin gaban gidan duk kirikiri ne, ciyawar nan mai siraran ganye da kuka sani. Amma a kusurwar gabas akwai wata babbar bishiyar maina, darbejiya in ji mutanen Kano, kuma kirikiri ba ta son inuwa. A ƙarƙashin mainar wata ciyawa ce daban, mai faɗin ganye, kore shar, mai laushi a tafin ƙafa. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Baba Umaru bai taɓa barin injin yanka ya hau ta ba. Da almakashi yake bin ta, a tsugune, kamar mai yi wa jariri aski. A nan yake cin abincin rana, a gefenta yake shimfiɗa buzunsa ya yi salla. Na taɓa tambayarsa inda aka samo ta, ya ce, "Wani direba ne ya kawo ta daga Jos." Bai ƙara ba.

Bari in gaya muku tun yanzu abin da ni ban sani ba a lokacin. Direban nan ɗansa ne na fari. Babbar mota yake ja, yana ɗauko dankali da kabeji. Ya ji uban yana ƙorafin ƙarƙashin maina ya ƙi ciyawa, sai ya zo masa da wannan a cikin jiƙaƙƙen buhu, suka tsuguna su biyu suka dasa ta gaɓa-gaɓa. Bayan haka, a shekarun da gari ya rikice, ya fita da mota wata safiya, har yau ba a ga shi ba, ba a ga motar ba. Babu gawa, babu kabari. Kun kuma san Fulani da kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a nuna ana son sa, ko mutuwa ya yi ba a yin kuka a gaban mutane. Saboda haka duk abin da ya rage wa tsohon nan na ɗansa, wanda zai iya taɓawa da hannu ba tare da kowa ya ce ya yi rashin kunya ba, shi ne ciyawar nan.

To, filin kirikiri ya tsufa. In ciyawa ta daɗe ana yanka ta ana ba ta ruwa, matattun ganye da busassun jijiyoyi sukan taru tsakanin koren da ƙasa, su yi kauri kamar katifa. Ka taka ka ji lumus, ka ɗauka daɗi ne, alhali ciwo ne. Ruwa ba ya ratsawa, taki ba ya isa saiwa, gara kuma ta samu gida. Namu ya kai ga in ka ba da ruwa sai ya gangare bakin hanya, filin ya yi faci-faci kamar kan mai ƙazuwa. Da manjagarar hannu muke kankarewa, amma mutum biyu da fili irin wannan, sai ku yi sati uku ba ku gama ba.

Malam Bukar ya gani a waya cewa akwai injin da ke wannan aiki. Ya yi wa mai gida magana, aka aiko da shi daga Abuja. Manaja yana kiransa da sunansa na Turanci, mu dai muka ce injin manjagara. Kamar injin yanka yake, da fetur yake aiki, sai dai a cikinsa akwai ƙarfe mai juyawa da haƙora jere, suna karce ƙasa suna tono mataccen. Akwai wani hannu a gefe da ake saita zurfin haƙoran da shi. Da yake ni ne mai sauran ƙarfi, ni aka koya wa.

Mun bi ƙa'ida, ba zan ce ba mu bi ba. Muka jira damina ta zauna, cikin watan Yuli, don ba a yin wannan aiki da bazara, rana za ta ƙone saiwar da aka tone. Muka yanke kirikiri ƙasa-ƙasa. Muka duba ƙasa tana da danshi amma ba taɓo ba. Muka tsince duwatsu, muka kafa tsinke a duk inda bututun ruwa ya bi. Abu ɗaya ne ba mu sani ba, daga ni har manaja. Kirikiri tana da jijiya a ƙarƙashin ƙasa, ko ka kankare samanta tas za ta sake tohowa. Ita kuwa mai faɗin ganyen nan a kan ƙasa take yaɗo, duk ranta a sama yake. In ka tsinke yaɗon, ka gama da ita.

Ranar Talata da safe manaja ya tara mu a gaban ofis, har da masu shara da mai gadi. Ya ce, "Baba Umaru, kai ne babba a nan. Akwai inda ba ka so inji ya taɓa?"

Ina tsaye kusa da shi. Ya dubi wajen maina, ya mayar da ido ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gida naku ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Wajen maina dai, a bi a hankali. A hankali dai."

Na ji. Wallahi na ji. Muryar ta sauka kamar ta mai karanta fatiha a bakin kabari, kuma Baba Umaru ba ya maimaita magana, amma ya maimaita wannan. Manaja ya yi dariya ya ce, "Kada ka damu, Baba, injin ya san aikinsa. Har can za a gyara maka, ka ga yadda za ta yi kyau."

Sai tsohon ya ce shi zai bi mota zuwa kasuwar shanu a ɗebo takin da za a watsa bayan an gama. Wannan aikina ne, shi bai taɓa zuwa ba, warin wurin ma yana tayar masa da tari. Nan ma ya kamata in gane. Na dai ce a raina ƙila ƙarar inji yake gudu. Ya Falmata kuma, ita kaɗai da ta san labarin, ta tafi kasuwa sayen kifi tun kafin a taru.

Na tayar da inji. A kan kirikiri aikin ya yi daɗi, gaskiya. Ana tafiya a layi, daga wannan bango zuwa wancan, in an gama a sake bi ta gicciye. Ƙarar a bushe take, karrr, mataccen yana tashi ja-ja-ja a bayana tuli-tuli. Har na fara waƙa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na iso ƙarƙashin maina.

Na ɗaga haƙoran kaɗan, don an ce a hankali. Ina shiga sai ƙarar ta canza. Ba karrr ba ce kuma, kamar ana yage sabon yadi ne. Na duba baya, ba ja nake gani ba, kore ne, dogayen yaɗo sun tsinke, wasu sun nannaɗe a jikin ƙarfen, ƙasa kuma ta fito tsirara. Na kashe inji.

Manaja yana tsaye da waya a hannu yana ɗaukar bidiyon da zai tura wa mai gida. Ya ce, "Lafiya, Sale?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kukan injin ya canza. Wannan kamar ba mataccen yake cirewa ba."

Ya ce, "Haka yake. A wanda na kalla ma sai da wurin ya yi muni kafin ya yi kyau. Ci gaba, kada ka bar mana rabi da rabi."

Da na ce a jira Baba ya dawo, ba abin da zai yi mini. Malam Bukar ba mai korar mutum a kan wannan ba ne. Amma waya tana kallona, masu shara suna kallona, ni kuma ɗan aji huɗu, zan yi gardama da wanda ya karanta takardar inji? Na ja igiyar tayar da inji. Minti goma bai cika ba na gama da wurin, tsaye da gicciye. Na tattara komai da manjagarar hannu, kore da ja a haɗe, na kwashe a baro na zube a kan siminti bayan ɗakin janareta, a tsakiyar rana.

Ana kiran azahar Ya Falmata ta dawo. Ina wanke hannu na ji faɗuwar kwando. Ta tsaya ta dafe kai da hannu biyu, kifi a ƙasa.

"Innalillahi! Afuno, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Ya Falmata. Za ta sake fitowa, in ji manaja."

"Ina bawan Allahn yake? Ya gani?"

Tunda nake ban taɓa jin ta kira shi da wani suna ba sai Fulata ko bawana. Ta ja ni bayan kicin ta gaya mini abin da na riga na gaya muku. Ta ce tana nan ranar da suka dasa ta, ita ta kai musu ruwan sha. Ta ce ɗan yana tsokanar uban wai ya kawo masa ciyawar Turawa, uban kuma ko kallonsa bai yi ba, sai cewa yake, "Kai, matsa can, kana taka mini." Ta ce, "Shekara da shekaru yana zama a wurin nan, kai kana tsammani inuwa yake sha?"

Na ce, "To me ya hana shi faɗa? An tambaye shi fa."

Ta ce, "A gaban mutane? Ya ce kada a taɓa don ɗana ne ya dasa? Ai gara ka ce ya tuɓe riga da wando a kasuwa. Kai ba ka san su ba ne?"

Muka ruga bayan ɗakin janareta. Irin wannan ciyawa in ka samu yanki mai gaɓa ɗaya ko biyu da ransa, ka binne shi a danshi, yakan kama. Amma tulin ya sha rana awa biyu a kan siminti mai zafi, ga hucin janareta. Muka baje shi muna tsinta da hannu, ita da zanenta na zuwa kasuwa, ni ina yayyafa ruwa. Manaja ya zo ya tarar da mu, ta gaya masa cikin Barbarci, na ga fuskarsa ta sauya. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya tsuguna tare da mu.

A haka motar taki ta shigo. Baba Umaru ya sauko, ya taka har ƙarƙashin maina, ya tsaya. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ga kamar shekara. Sannan ya zagayo inda muke. Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Sannu da aiki, Sale. Filin ya kankaru."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Manaja ya miƙe ya ce, "Baba, don Allah ka yafe mana. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Me zan ce, ranka ya daɗe? Ciyawa ce."

Ya tsuguna a gefenmu ya sa hannu. Shi ba ya dubawa ma, yatsunsa ne ke gane mai rai. Wanda ya yarda da shi ya jefa a daro, wanda bai yarda da shi ba ya ajiye gefe. Duk abin da muka tsira da shi bai rufe gindin daron ba. Kafin la'asar muka dasa su a wurinsu, muka rufa da yashi da ɗan taki. Da zan tashi na waiwaya babu mai kallona, na kwashi waɗanda ya ajiye gefe, na ƙunshe a jiƙaƙƙen tsumma na tura a aljihu. A gida na samu wani tsohon baho da ya tsage, na cika shi da ƙasa, na binne su, na ajiye a inuwar bayan ɗaki.

Kwana biyu tsakani aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙasar ƙarƙashin maina da inji ya riga ya sassauta ta bi ruwa, ta tafi da dashenmu. 'Yan da suka rage suka yi baƙi, gara ta ƙarasa su. Filin kirikiri kuwa, kafin wata guda ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Baƙi suna ɗaukar hoto a kai, mai gida ya aiko da yabo. Kowa ya yaba sai in ji kamar ana zuba mini barkono a ido.

Malam Bukar ya sa aka kawo irin ciyawar daga wani lambun sayar da shuke-shuke a Abuja. Baba Umaru ya ce kada a wahalar da kowa, amma an riga an kawo. Ya dasa ta yadda ya kamata, ya ba ta ruwa a kan lokaci, ta kama, ta ma fi tsohuwar cika. Ranar da ta isa yanka sai ya ce mini, "Sale, in ka gama can ka bi nan da inji." Almakashin ya rataye shi a sito. Buzunsa ya koma gefen ɗakin mai gadi, a nan yake salla, a nan yake cin abinci. Ya Falmata ta yi ta ƙoƙari ta taga.

"Fulata, yau ba za ka zagi miyata ba?"

Sai ya ce, "Ta yi daɗi, Falmata. Allah Ya saka."

Ta juya ta share ido da gefen mayafi.

Bai taɓa canza mini fuska ba, ko sau ɗaya. Da kaka ta yi ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ya ajiye aiki, ya kuma gaya wa manaja da bakinsa cewa a ba ni matsayinsa. Haka na zama babban gadina.

A gida kuwa, cikin waɗanda na binne a baho, uku sun yi tsiro. Mai ɗakina Hajara ce ke ba su ruwan da ta ɗauraye shinkafa, ta kafa musu kara don kaji. Ranar da ganye na huɗu ya fito ta ce, "Malam, ka kai masa mana."

Na ce, "Tsiro uku zan ɗauka in kai wa dattijo? Bari ta cika bahon."

Bayan sati biyu ta sake cewa, "Ka kai masa. Tsoho ne fa."

Na ce, "Ke dai ba ki san Fulani ba. In na kai, na nuna masa ke nan na san sirrinsa. Kunya zan ba shi."

Ta ce, "Shi za ka ba kunya, ko kai ne kake jin ta?"

Gaskiya ta faɗa. Sau biyu ina zuwa Dusuman gaishe shi, ni da ba na son fita. Na kai masa goro da sukari. Muka zauna a ƙofar gida, ya tambayi injin jan ruwa, ya tambayi furannin bakin ƙofa, ya ce in gaishe da baiwarsa. Maganar tana bakina, tana kan harshena, sai in ce a raina bari dai zuwa na gaba, lokacin ta cika, in zo da ita gaba ɗaya ya gani da idonsa.

Wata Juma'a da hantsi, cikin sanyi, ina ba furanni ruwa, Ya Falmata ta fito daga kicin da waya a hannu. Ba ta ce Afuno ba. Ta ce, "Sale, ajiye tiyon."

Mun samu jana'izar Baba Umaru. Ranar sadakar uku na ɗauki bahon, lokacin ciyawar ta rufe shi har tana leƙowa ta baki, na sa a keke mai ƙafa uku na riƙe a cinya har Dusuman. Masu zaman makoki suna kallona, wa ya taɓa zuwa ta'aziyya da ciyawa? Na yi sallama aka shigar da ni wajen matarsa, tsohuwa ƙarama, tana zaune a kan tabarma da carbi, 'yarsu tana gefenta. Na ajiye bahon, na yi gaisuwa, na rasa ta inda zan fara.

'Yar ce ta matso ta duba. Ta ce, "Dada, ciyawar Hamma Sa'adu ce."

Da Fillanci Dada uwa ce, Hamma kuma yaya, ranar na fara jin sunan ɗan nasu.

Tsohuwar ta sunkuyo kan bahon. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ta bar shi a nan. Can ta ce, "A sa ta a inuwa. Ba ta son rana."

'Yar ta ɗauka, na bi ta don in nuna mata yadda ake ba ta ruwa. Muka zagaya bayan ɗakin marigayin. A gindin bango na ga wata fasasshiyar tukunya cike da ƙasa, da waɗansu busassun tsinkaye a tsaye a ciki, sun yi fari. Ƙasar kuwa da sauran alamar danshi.

Ta ga ina kallo. Ta ce, "Ranar da abin ya faru ya zo da su a aljihu. Ba su kama ba. Amma kullum bayan asuba sai ya zuba musu ruwan butarsa. Da ya kasa tashi, ni yake sawa in zuba." Ta dube ni. "Taka tun yaushe ta fito?"

Na ce, "Tun damina."

"Baba ya sani?"

Na ce, "Bai sani ba."

Ta jawo bahon ta ajiye kusa da tukunyar. Na tsuguna a wurin na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

To, abin da zan bar muku ke nan, ku masu tura inji yanzu. Injin manjagara abu ne mai kyau, ni ma da shi nake aiki duk damina, kuma fili ba ya lafiya sai an cire masa mataccen da ya danne shi. Amma kafin ka ja igiya, ka durƙusa ka tona da yatsa, ka ja jijiya ɗaya ka ga ta ƙasa take bi ko ta sama. Fili ɗaya yakan ɗauki ciyawa iri biyu. In ƙarar inji ta canza, ka kashe, ko wa ke tsaye a kanka. Ba a taɓa korar gadina don ya jira awa biyu ba.

Sannan duk lambun da aka kai ka, akwai wanda ya riga ka shan wahalarsa. Ka neme shi. Kada ka tambaye shi a gaban manya, a nan "gida naku ne" kawai za ka samu. Ka bari sai kun keɓe, ka zauna, ka tambaya, in ya yi shiru ka jira, don mutanenmu abin da ya fi yi musu ciwo shi suka fi faɗa a gajarce. In kuma kai ne ke riƙe da abin da zai sanyaya wa wani rai, ko tsiro uku ne, ka ɗauka ka kai masa a ranar. Ni na jira baho ya cika.